Tangaran da Tasoshin Jere a Mashigar Jibiya: Tantance Shekaru, Ƙima da Halaccin Cinikin Tsofaffin Kaya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tsofaffin kayan jere na ɗakin mace Bahaushiya, wato tangaran da kwanonin samira da tasoshi, ta fuskar yadda ake gane shekarunsu, da yadda ake yi musu ƙima, da kuma abin da doka ta tanada game da sayensu da fita da su. An ɗauki mashigar Jibiya, wadda ta haɗa Katsina da Maraɗi, a matsayin fagen nazari. Maƙalar ta nuna cewa kwano guda yana da ƙima iri uku gwargwadon hannun da ya shiga, kuma abin da ya fi saurin salwanta a cinikin shi ne salsalar mallaka, wato tarihin hannayen da kayan suka bi. Ta kuma nuna cewa dokar kayan tarihi ta Nijeriya ba ta rufe yawancin waɗannan kaya ba, don haka nauyin adana bayanansu ya rataya ne a wuyan masu nazarin al'adun Hausawa.

Fitilun kalmomi: kayan jere, tangaran, tambari, ƙima, salsalar mallaka, Jibiya

1.0 Gabatarwa

Nazarin al'adun Hausawa ya yi nisa a kan aure da bukukuwansa, da lefe da gara da kayan ɗaki. Sai dai yawanci ana ambaton kayan jere ne a dunƙule, a ce an yi wa amarya jeren kwanoni, a wuce. Tambayoyin ina aka ƙera kwanon, yaushe, wa ya shigo da shi, kuma ina ya nufa bayan mai shi ta rasu, ba su cika samun amsa ba. Alhali kowane faranti yana ɗauke da shaidu a jikinsa da a gindinsa, waɗanda mai nazari zai iya karantawa kamar yadda yake karanta takarda.

A yau waɗannan kaya suna barin gidaje. Roba da gorar ruwa da kulolin zamani sun maye gurbinsu a jeren amare, tsofaffin da suka san tarihinsu kuma suna ƙarewa. Manufar maƙalar ita ce ta shimfiɗa hanyoyin tantance irin waɗannan kaya, da ma'aunan da ake auna darajarsu, domin amfanin mai bincike da mai niyyar saye don adanawa.

2.0 Jibiya a Matsayin Mashiga

Jibiya hedikwatar ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, kuma ta Magamar Jibiya ne hanyar mota ke ratsa iyaka zuwa Ɗan Isa, ta zarce Maraɗi. Tsakanin birnin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Mutanen gefe biyun tushensu ɗaya: bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajajen 1819. Iyakar da ake gani yau ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906. Auratayya ba ta yanke ba, kuma duk amaryar da aka kai ƙetare da jerenta take tafiya.

Wannan ya sa jeren ɗakunan yankin ya zama mahaɗar kasuwanni biyu. A gefen Nijeriya kaya suna zuwa ta kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma kuɗin gyaɗa suka shiga hannun talakawa. A gefen Nijar akwai kantunan Faransawa irin su CFAO da SCOA, sannan daga baya Alhazan Maraɗi, waɗanda Grégoire (1986) ya yi nazarin bunƙasarsu.

Iyakar kuma tana buɗewa tana rufewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, abin da ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan El-Buhari. An sake rufe ta a watan Agustan 2019, mashigar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, sannan aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma matsalar tsaro da ta tayar da ƙauyuka da dama a yankin. Irin waɗannan lokuta na ƙunci su ne ke fito da kayan ɗaki kasuwa, domin kayan jere su ne asusun mace, kuma su take fara taɓawa idan gida ya shiga matsi.

3.0 Daga Ƙwarya zuwa Tangaran

Jeren farko na ƙorai ne da ƙoƙuna da akussa da faifai, dukkansu aikin gida. Masu hali suna ƙarawa da tasoshin tagulla, waɗanda Bida ta yi suna wajen ƙera su. Daga nan kwanonin ƙarfe masu rufin gilashi, irin su langa da samira da kwalla da fanteka, suka mamaye ɗakuna a ƙarni na 20. Da farko daga Turai da gabashin Asiya ake shigo da su, har zuwa lokacin da aka kafa masana'antunsu a cikin gida, kamar Nigerian Enamelware da aka kafa a Legas a 1960. Tangaran, wato faranti da kofi da butar shayi masu fashewa, ya daɗe yana matsayin kayan fada da gidajen attajirai kafin ya bazu cikin kabad ɗin amare.

Cooper (1997), a nazarinta na aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki ma'auni ne na darajar amarya da yawan mutanen da uwarta ta tara ta hanyar biki. Schildkrout kuwa ta nuna yadda tallar 'yan mata a Kano ke tafiya wajen tara waɗannan kaya. Ke nan jere ajiyar dukiya ne, kuma shaidar zumunci ne.

Sha'awar kwanon da ya zo daga nesa ta girmi zuwan Turawa. A kushewun Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, an sami kwanonin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya, tare da wuri da kayan ado. Haka nan magina suna liƙa faranti ko tasa a tsakiyar rufin daurin guga, inda bakuna suka haɗu, kamar yadda ake gani a sorayen fadojin Kano da Zariya. Irin wannan ɗabi'a tana nan a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, inda Sawahilawa suka riƙa liƙa tangaran na Sin a jikin kaburbura da bangon ɗakuna.

4.0 Hanyoyin Tantance Shekaru

4.1 Shaidar Jiki

Abin da Bahaushe ke kira tangaran ya ƙunshi abubuwa mabambanta. Akwai tangaran na ainihi, wanda ake yi da farin yumɓu a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,300. Idan aka ɗaga shi ga haske ana hango inuwar yatsa ta bayansa, idan aka ƙwanƙwasa shi kuma yana ba da amo mai tsawo. Sinawa ne suka fara yin sa, garin Jingdezhen ya zama cibiyarsa, Turai kuwa ba ta gano sirrinsa ba sai da aka kafa masana'antar Meissen ta Jamus a 1710. Akwai kuma farar tukunya mai sheƙi, wadda ake gasawa a zafin da bai kai haka ba. Ita haske ba ya ratsa ta, amonta gajere ne, kuma idan ta tsufa sheƙinta yana yin tsage-tsage siraran kamar saƙar gizo. Yawancin farantan da aka yi domin kasuwannin talakawa wannan nau'in ne.

Zane ma shaida ne. Wanda aka yi da hannu yana nuna sawun buroshi, kuma faranti biyu ba sa zama daidai. Wanda aka buga daga allon ƙarfe, dabarar da ta bazu a Ingila tun tsakiyar ƙarni na 18, yana nuna ɗige-ɗige da layuka iri ɗaya a kowane faranti, wani lokaci har da gaɓar da takardar bugun ta haɗu. A kwanon samira ana duba nauyi da kaurin rufi da inda ya ɓantare ya yi tsatsa. A tasa kuwa ana duba sawun guduma, wanda ke nuna aikin maƙeri, saɓanin da'irori masu santsi da injin juyi ke bari. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, saboda haka idan ya manne, ƙarfe ne aka yi wa wanka.

4.2 Shaidar Tambari

Tambarin da ke gindin kaya shi ne hanya mafi sauƙi ta iyakance shekaru. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya daga 1891, sai masana'antu da yawa suka mayar da hakan al'ada. Farantin da ke ɗauke da kalmar “England” galibi bayan 1891 aka yi shi, mai “Made in England” kuwa na ƙarni na 20 ne. Ingila tana da tambarin rajista mai siffar lu'ulu'u daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 kuma aka koma lambar rajista. Kayan Japan sun ɗauki sunan “Nippon” daga 1891 zuwa 1921, kuma “Occupied Japan” bai wuce 1952 ba.

Sunayen ƙasashen da suka shuɗe su ma ma'auni ne. Kwanon da aka rubuta wa “Czechoslovakia” ba zai girmi 1918 ba, kuma ba zai wuce 1992 ba, domin tsakanin waɗannan shekaru ne ƙasar ta rayu. “West Germany” yana tsakanin 1949 da 1990. Akwai kuma tambarin masana'anta, kamar hoton dodon Masar mai jikin zaki na kamfanin Petrus Regout da ke Maastricht a Holan, wanda ya yi faranti masu jinjirin wata da tauraro domin kasuwannin Musulmi.

4.3 Inda Tambari ke Yaudara

Tambari yana faɗin lokacin da kaya ba zai girma ba, amma ba ya tabbatar da komai shi kaɗai. Rashin sunan ƙasa ba hujjar tsufa ba ne, domin kayan da ba Amurka za a kai su ba ana iya barin su babu rubutu. A tangaran na Sin an saba rubuta sunan zamanin wani sarki na da a kan kayan da aka yi ɗaruruwan shekaru bayansa. Misali mafi kusa da Hausawa shi ne liyari, kuɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi yawo a kasuwanninmu, mata kuma suka mayar da shi kayan ado. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta yana ɗauke da shekarar 1780, ko da a ƙarni na 20 aka buga shi.

Ana kuma ƙirƙirar tsufa. Steiner (1994), wanda ya zauna da dillalan kayan gargajiya a Abijan, cikinsu har da Hausawa da yawa, ya bayyana yadda ake sa wa sabon sassaƙa kamannin tsufa da hayaƙi da ƙasa da rini. Lalacewar gaske tana bin amfani: gindin faranti yana sudewa inda yake taɓa ƙasa, cikinsa yana ɗaukar sawun cokali, hannun buta yana dushewa inda ake riƙewa. Tsufan da ya rufe ko'ina bai ɗaya abin zargi ne. Sai dai kayan jere suna da wani hali na daban, domin yawancinsu ba a ci a ciki ba, ado kawai aka yi da su, don haka tsohon kwano yana iya fitowa sumul kamar sabo.

4.4 Salsalar Mallaka

A nan ne ilmin da Hausawa suka gada daga malaman hadisi yake da amfani. Kamar yadda ba a karɓar ruwaya sai an duba isnadinta, haka kaya ba ya zama hujjar tarihi sai an san hannayen da ya bi. Kwanon da aka san cewa an saye shi ne domin auren wance, a shekarar da aka yi yunwa kaza ko aka naɗa sarki wane, ya gaji 'yarta, daga nan ya koma ga jikarta, ya sami shekara daga baki wadda za a gwada da ta tambari. Idan tambari ya ce bayan 1918, baki kuma ya ce zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shaidu biyu sun haɗu sun taƙaita lokacin. Idan suka saɓa, saɓanin kansa abin bincike ne, domin mata sukan cike gurbin abin da ya fashe da sabo.

5.0 Ma'aunai Uku na Ƙima

Ma'auni na farko na ɗaki ne. A wurin mai jere da dillaliyar da ke shiga gida-gida, abin dubawa shi ne cikar saiti, da haske, da ko samfurin yana yayi. A wannan ma'auni tsufa naƙasu ne, shi ya sa mace kan sayar da tsohon yayi ta cika kuɗi ta sayi sabo.

Na biyu ma'aunin sikeli ne. 'Yan gwangwan suna sayen tasa da tsohon kwano gwargwadon nauyi, ba ruwansu da zane ko maƙeri. Tagulla da gaci suna da tsada a wurin masu narkarwa, saboda haka tasar da ta shekara ɗari tana iya ƙarewa a tukunyar narki. Tangaran ba shi da kuɗi a sikeli, shi kuwa ƙarshensa juji.

Na uku ma'aunin masu tara tsofaffin kaya ne, wanda dillalan kasuwar Kurmi ta Kano da takwarorinsu na Yamai da Lome da Abijan suke aiki da shi. Su suna duba shekaru, da ƙarancin samfurin, da lafiyar kaya, da sunan masana'anta, da asali. Tsaga ko gyara yana karya farashi ƙwarai. A ƙololuwar wannan kasuwa, wani ɗan kofi na zamanin sarki Chenghua na Sin, mai zanen kaji, an sayar da shi a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a 2014 a kan kimanin dalar Amurka miliyan 36, kuma sanin hannayen da ya bi yana cikin abin da ya tabbatar da ingancinsa. Ya kamata a faɗa ƙarara cewa kayan jeren Hausawa ba na wannan aji ba ne. An yi su ne dubbai a masana'antu domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma farashinsu a kasuwar duniya kaɗan ne. Labarin irin wancan gwanjo shi ne abin da 'yan damfara ke amfani da shi wajen ruɗar mutane, kamar yadda ake yi da jita-jitar tsohon kwabo mai huji ko tsohon dutsen guga.

Abin lura shi ne ribar dillali tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin ma'aunan nan: ya saya a farashin ɗaki ko na sikeli, ya sayar a farashin masu tarawa. Ba shi da wata fa'ida a riƙe sunan gidan da kaya ya fito, hasali ma ɓoye shi ne ke kare masa hanyar samu. Da kaya ya ƙetare Magama, ya canza hannu sau biyu ko uku, salsalarsa ta yanke, ya koma kwano kawai.

6.0 Matsayin Doka

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fita da su ba tare da takardar izini ba. Ma'anar kayan tarihi a dokar ta haɗa da duk abin da aka tono daga ƙasa mai amfani ga ilmin tarihi, da kuma aikin hannu na asalin ƙasar nan wanda aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Nijar tana da tata dokar ta 30 ga Yunin 1997, kuma ƙasashen biyu sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970.

Wannan ma'ana tana raba kaya gida uku. Tsohuwar tasar Bida ko akushi ko rubutun ajami da ya girmi 1918 yana ƙarƙashin kariya. Abin da aka tono ma haka, ko daga ina aka ƙera shi. Wannan ɓangare shi ne mafi haɗari ga mai saye a kan iyaka, domin mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar, duk suna cikin jan jadawalin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar a 2000, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa ta haramtaccen tono suka fito. Tangaran da samira da aka shigo da su daga waje kuwa, sharaɗin asalin ƙasa ya fitar da su, ko da sun shekara ɗari a ɗakin Bahaushiya. Cinikinsu halal ne a doka, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin rubuta tarihinsu.

7.0 Ƙa'idojin Bincike da Saye

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da ƙa'idoji kaɗan. Da farko, bayani ya riga ciniki: a ɗauki hoton jeren yadda yake a ɗaki, da izinin mai shi, kafin a taɓa komai, domin tsarin jeren kansa shaida ne. A ɗauki hoton gindin kowane kaya, a auna faɗinsa, a rubuta sunan da mai shi take kiran samfurin, domin sunayen yayi da mata ke laƙabawa taska ce ga mai nazarin harshe. Tun da ɗakin mace ba kowa ke shiga ba, wannan aiki ya fi dacewa da mata masu bincike.

Na biyu, a tabbatar da mai mallaka. Kayan ɗaki dukiyar matar ce a shari'a, ba ta miji ba, idan kuma ta rasu sun zama gado, ba a sayensu daga hannun magaji ɗaya kafin rabo. Na uku, a yi adalci a farashi, musamman ga wadda gudun hijira ko yunwa ta tilasta wa sayarwa. Na huɗu, kada a kankare tasa ko a wanke tangaran da sinadari mai ƙarfi, kada kuma a raba saiti. Na biyar, duk abin da ake zaton daga ƙasa aka tono shi, a nisanci sayensa, a kai rahoto ga gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi kayan jere daga ɗaki zuwa bakin iyaka, ta nuna cewa ana gane shekarunsu ta haɗa shaidar jiki da ta tambari da ta baki, kuma babu ɗaya da ke wadatarwa ita kaɗai. Ta nuna cewa kuɗinsu a kasuwar duniya bai taka kara ya karya ba, amma suna riƙe da tarihin dukiyar mata da na fataucin da ya haɗa Katsina da Maraɗi da masana'antun Turai da Asiya. Tun da doka ba ta rufe yawancinsu ba, ya dace sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Kano da Sakkwato da Zariya, tare da takwarorinsu na Nijar, su buɗe kundin hotunan tambura da sunayen samfura da salsalar masu su, a kuma ba ɗalibai wannan aiki a matsayin batun kundin digiri. Matan da aka yi wa jere a shekarun 1950 da 1960 su ne rukuni na ƙarshe da za su iya ba da wannan bayani da bakinsu, kuma yawancinsu sun haura shekara saba'in.